Rupin Alhazai

Wata Talata ce a watan Maris, irin ranakun da bangon birnin Guangzhou na ƙasar Sin ke zufa saboda laima. A gidan abincin 'yan Pakistan da ke titin Huanshi Lu, Najiba, ɗalibar haɗa magunguna, ta ga wani saurayi ya miƙa yuan ɗari uku ya karɓi tsohuwar takardar kuɗi.

"Malam, an cuce ka. Wannan ko shayi ba ta saye."

"Ghali sunana," ya ce yana murmushi. "Rupi ce da Pakistan ta buga wa alhazanta. Shekara huɗu ina nemanta."

Dillalin kaya ne, a aji uku ya bar makaranta. Amma nuna masa tsohon kuɗin Indiya ko Bangaladash, sai ya faɗa maka zamanin da aka buga shi. Kafin damina ta wuce tana kiransa Nawa, yana kiranta Dakta.

Da mahaifinta Alhaji Maidaji ya zo sayayya, wani Izzuddeen mai kwantenoni yake so ta aura. Ta turo saƙo:

"Nawa, Baba ya ce mai sayen mataccen kuɗi da rayayye, takarda zai fifita a kan mace. Ka zo gobe da kundinka na tsofaffin kuɗi."

A otal ɗinsa na titin Liuhua Lu, Alhaji ya buɗe kundin ya tsaya kan rupin alhazai.

"Wannan ta burge ni."

"Ai taka ce, Baba," in ji Ghali don kara, yana jiran a ce masa bar abinka.

Alhaji ya zare ta ya sa aljihu, ya nuna wata. "Wannan ma."

"Taka ce."

Sau tara ana haka. Alhaji ya ɗago ya dube shi.

"Yaro, ba ka roƙon in mayar?"

"Abin da na ba uba ba na karɓa."

"To, turo magabatanka."

A Kano aka ɗaura auren, aka yi walima a unguwar Panyu ta Guangzhou, dattawa suka sa albarka. Amarya ta matso kusa da Ghali.

"Tsakani da Allah, ranar nan ba ka yi kuka ba?"

"A cikin lif kawai, Dakta."

Alhaji ya sa takardun kuɗin a gilashi a falonsa, duk baƙon da ya shigo sai ya ji labarin surukinsa. Abin da Ghali ya rasa: takardun rupin Indiya biyar, uku na taka, kuɗin Bangaladash, da ta alhazai ɗaya.