Cinyar Sallah da Tsiren Awara

"Innalillahi! Ƙwan! Wayyo ƙwan Hajiya!"

Bilya ne ke ihu shi kaɗai a bakin hanyar Pauwa, babur ɗinsa da ya faɗa rami na kwance gefe tayarsa na ta juyawa, shi kuma yana zaune dirshan cikin ƙwai. Duk kiret ɗin da ya ɗauro daga Faskari babu wanda ya tsira. Gobe ɗaurin auren ƙanwarsa, kuma mahaifiyarsa ta ja masa kunne cewa ya kai ƙwan gidan mai kek a Ƙanƙara kafin azahar.

Haka ya tada babur, shaddarsa ta koma ruwan ɗorawa, ƙudaje na yi masa rakiya har ƙofar gidan da aka kwatanta masa. Ya yi sallama a zaure da muryar mai neman gafara.

Wata budurwa ce ta leƙo, doguwa, baƙa mai haske, hannayenta duk fulawa. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta toshe baki da gefen mayafi, amma dariyar ta ƙi tsayawa.

"Malam, kai ne kek ɗin, ko kai aka aiko?"

"Ni aka aiko. Ƙwan kuma ga shi a jikina. Don Allah ki ba ni lokaci in koma in samo wani."

"Wa ya ce maka ina sa ƙwai?"

Ya tsaya yana kallonta.

"Ni ce Barakatu," ta ce. "Hajiyarku ba ta tambaye ni ba ne. Zauna, ga buta can, ka wanke fuskarka kafin kaji su kai ƙararka."

Ba a jima ba ta dawo da ɗan faranti. Kek ne mai ɗumi, an zazzage shi daga gwangwanin tumatir, samansa ya yi ja. Bilya ya gutsira, ya lumshe ido, ya sake gutsira.

"Rantse babu ƙwai."

"Ayaba ce da ta nuna har bawonta ya fara baƙi. Sai madarar waken suya, man gyaɗa, da ɗan lemun tsami. A tukunyar yashi nake gasawa, wuta ƙasa, garwashi bisa marfi." Ta ɗaga kafaɗa. "Tun ina ƙarama ƙwai da nono ke feso mani da ƙuraje. Nama kuma ko ƙamshinsa raina ba ya so. Shi ne na koyi abin da zan ci in ji daɗi."

Bilya ya ƙware, sai da ta miƙa masa ruwa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Kin san Alhaji Yahuza Mai Tsire na kasuwa?"

"Wa bai san shi ba?"

"To babana ne."

Wannan karon tare suka yi dariyar.

An yi biki, kek ya ƙare tun kafin la'asar, amma Bilya bai daina samun dalilin biyowa ta layin ba. Yau odar kek ɗin aboki, gobe ya zo tambayar ko tana son a sayo mata wake daga Sabuwa, tunda can ya fi arha. Daga baya ya daina neman dalili. Sai saƙonnin waya suka fara kai-kawo tsakaninsu.

"Barka da safiya, Ayabata. Na tashi da yunwar abu biyu, dambun zogalenki da muryarki. In ɗaya zan samu, a bar dambun."

"Ɗan Ƙwai, ka cika daɗin baki. Dambun na kan wuta, na sa ƙuli da albasa kamar yadda kake so. Muryar kuma sai ka zo da kanka. Ka kula da ramin Pauwa."

A zauren nan ya koyi cin abubuwan da bai taɓa ɗauka abinci ba ne. Farfesun awara mai daddawa da masoro, kwaɗon rama, alale da manja, kunun aya mai dabino da kwakwa. Wata rana yana suɗe cokali ya ce, "Barakatu, bayan Babbar Sallah zan turo manya."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. "Gidan mahauta, Bilya? Mai awara?"

"Gidana. Matata."

Matsalar daga cikin gida ta fito. Hamida, 'yar ƙanwar Alhaji Yahuza, ta daɗe tana ganin ɗakin Bilya nata ne, jira kawai take a faɗa. Da ta ji labari sai ta fara zagawa ɗaki-ɗaki tana rage murya.

"Mutum lafiyayye ya ƙi nama? Ya ƙi nono? Ai kun san su waye ke hana mutum irin wannan. Mutanen ɓoye ne a kanta."

Maganar ta kai kunnen Alhaji. Ya yi tsaki. "Iskan banza. Ba ta taɓa samun nama mai kyau ba ne. Ku bari Sallah ta zo."

Ranar Sallah, da aka kwantar da ragon layya, Alhaji bai bar kowa ya taɓa cinyar dama ba. A al'ada saurayi ne ke aika wa budurwarsa cinya, amma shi da kansa ya fiɗe ta, ya gyara, ya shimfiɗa a babban kwanon samira na gidan. Duk wanda ya gani ya san ma'anar: uban ya karɓi yarinya. Hamida aka ba ta kai.

Barakatu ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ba da tukuici. Bayan fitar Hamida ta tsaya tana kallon cinyar. Gidan daga ita sai mahaifiyarta, Inna, wadda haƙoranta suka daɗe da sallamar nama. Ta bayan katanga kuwa tana jiyo kukan jariri. Laraba ce, matar maƙwabcinsu Tanimu, ta haihu shekaranjiya, ta zubar da jini sosai, ko tashi zaune ba ta iyawa. Su ba masu layya ba ne, kuma daminar bara ba ta yi wa Tanimu kyau ba.

"Inna," ta ce a hankali.

"Na san abin da za ki ce. Ɗauki ki kai mata, ɗiyata."

Hamida na tsaye a shagon bakin layi tana sayen katin waya lokacin da Barakatu ta fito da kwanon a ka, ta shige gidan Tanimu. Ko canjinta ba ta tsaya karɓa ba.

"Kawu, wallahi da idona! Ko ajiyewa ba ta yi ba, ta kwashe ta kai maƙwabta kamar an kawo mata shara!"

Alhaji ya ajiye wuƙar hannunsa. "Cinyar da na fiɗe da hannuna?" Ya juya ga Bilya. "Wanda ya ƙi namana, ni ya ƙi. Babu manyan da za su je gidan nan. Na gama magana."

Bilya ya fita waje, ya zaro waya ya rubuta mata saƙo.

"Barakatu, mi ya sa? Ko ba za ki ci ba, ki bar shi ya kwana mana. Baba ya fasa turo manya. Kin san abin da cinyar nan take nufi kuwa?"

Ta karanta, hawaye suka zubo. Ta fara rubuta labarin Laraba, sai ta goge. Ba za ta tallata rashin maƙwabciyarta don ta wanke kanta ba.

"Na sani, Ɗan Ƙwai. Ban wulaƙanta kyautar Baba ba, Allah ne shaida. Kwanonsa na wurina, kuma ba a mayar da kwano haka nan. Ranar kasuwa ka zo ka ɗauka."

Ranar kasuwa tun da hantsi Barakatu take aiki. Ta tace madarar wake, ta tafasa, ta zuba ruwan tsami har ta dunƙule, ta matse a ƙyalle ƙarƙashin dutsen niƙa sai da awarar ta yi tauri. Ta yanka fale-fale, ta jera a tsinke, ta shafa man gyaɗa, ta birkiɗa cikin yajin ƙuli, ta gasa a gefen garwashi tana juyawa. Inna na kallonta tana girgiza kai.

"Tsire za ki kai wa mai tsire? Ke dai ba ki da tsoro."

Bilya ya ɗauki kwanon ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba. A kasuwa ya tarar da Alhaji a bakin tukubarsa, abokai zagaye da shi. Ya durƙusa ya ajiye.

"Baba, kwanonka ne aka dawo da shi."

Alhaji ya ɗaga marfi. Ya kalla, ya sunsuna sau ɗaya.

"Wannan ba nama ba ne."

"Awara ce, Baba."

Abokai suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Alhaji, an zo ƙwace maka sana'a!" Fuskar Alhaji ta ƙara ɗaurewa. Ya kai hannu zai mayar da marfi, sai ga wani mutum ya ratso taron da damin rake a kafaɗa, ya sauke, ya cire takalmi.

"Ranka ya daɗe, ni ne Tanimu, maƙwabcin su Barakatu. Godiya na zo yi."

"Godiyar mi?"

"Cinyar da ka aiko wa matata. Haihuwa ta yi, mun fidda rai da ita. Barakatu ta shigo da kwano ta ce, ga shi daga hannun Alhaji Yahuza, shi ya fiɗe da kansa, a yi wa mai jego romo. Ita ce ma ta tsaya ta dafa, ta ɗaure hanci da ɗankwali don ba ta son ƙamshin. Yau da ƙafarta Laraba ta fito tsakar gida." Ya share ido da bakin riga. "Ɗanlahadi muka so sa wa yaron. Uwarsa ta ce a'a, Yahuza."



Alhaji ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya zari tsinke ɗaya, ya kai baki, ya tauna a hankali kamar mai yanke hukunci.

"Citta ta yi yawa," ya ce.

Ya zari na biyu. "Ƙulin bai soyu ba."

Ya zari na uku. Abokin da ya yi masa tsiya ya miƙo hannu, Alhaji ya buge shi. "Kai aka aiko wa?"

Sai da kwanon ya koma tsinke zalla sannan ya sa hannu ƙarƙashin teburi ya fiddo wani tsohon gwangwani. Bilya ya zaro ido. Yajin gidansu ne, haɗin da Alhaji ya gada wurin mahaifinsa, wanda ko Hajiya ba ta san abin da ke ciki ba.

"Kai mata. Ka ce ta sake da wannan, in ɗanɗana. Haɗin kuma in ta tare zan faɗa mata da bakina." Ya harari Bilya. "Mi kake jira? Ka biya ka gaya wa baffanninka su shirya."

Bilya bai san lokacin da ya hau babur ba. Kafin ya tada sai da ya tura saƙo.

"Ayabata, ki yafe mani, na yi miki gaggawa. Baba ya cinye tas, ya hana kowa. Ga ni nan tafe da sirrin gidanmu a aljihu."

"Na yafe tun kafin ka roƙa. Ka taho a hankali, wannan karon kada ka zubar."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Garar amarya ta zama abin magana a gari: alkaki, dubulan, nakiyar man gyaɗa, da kek ɗin ayaba tire-tire, babu ƙwai ko ɗaya. A wurin walima tukuba biyu aka kafa, ta nama da ta awara, kuma Alhaji da kansa ya tsaya kan ta awarar yana gaya wa duk wanda ya yaba cewa yajinsa ne. Hamida ma an gan ta ta koma layi sau biyu, mayafi rufe da rabin fuska. Laraba ta zo da Yahuza ƙarami a goye, ya yi ɓul-ɓul.

Da aka kawo amarya gaisuwa, Alhaji ya ce, "Ɗiyata, gidan nan ba wanda zai matsa miki ki ci abin da ba ki so. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin ƙai irinki." Gida ya amsa da amin, guɗa ta tashi.

Kwanaki kaɗan da tarewa, da hantsi, ango da amarya na zaune a tsakar gidansu suna cin kek da kunun gyaɗa a kwano ɗaya.

"Kin san har yanzu ina gode wa ramin Pauwa?" in ji Bilya.

"Ni kuma kajin Faskari nake tausayi."

Ƙarar mota ce ta katse su. Wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da akwatin ƙarfe, da ƙwaryar man shanu, da rago mai ƙaho yana turjewa. A bayansu wata gajeriyar tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ba ta jira an amsa sallamarta ba.

Kek ɗin hannun Bilya ya faɗi. "Gwaggo Lauratu," ya raɗa. "Yayar Baba ce, daga Damari. Shi kansa tsoronta yake."

Tsohuwar ta ƙare wa Barakatu kallo, ta buga sanda a ƙasa.

"Ke ce amaryar da aka ce ba ta cin nama? Madalla. A share mani ɗaki. Ba inda za ni sai na ga kin cinye hantar ragon nan a gabana."

Barakatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta saci kallon mijinta tana danne murmushi, sannan ta miƙe ta nufi madafa ta jiƙa waken awara.