Tabbatar Ke Mutum Ce

Ranar da ya fara ganinta, faɗa take yi da kwamfuta.

Tana zaune a kujerar ƙarshe ta ɗakin intanet na laburaren jami'a, gilashinta ya zamo har kan hanci. Bincike take yi kan magungunan ciwon suga, kuma mujallun da take buƙata sai ta ƙofar intanet ta laburare ake shiga shafinsu. Amma da ta danna, sai shafin ya ce ta tabbatar ita mutum ce, ta zaɓi hotunan da ke da keke.

"Na zaɓi keke, na zaɓi gada, na zaɓi mota," ta ce da ƙarfi. "Saura me? In kawo takardar haihuwa?"

Ma'aikacin sashen, dogon saurayin da ɗalibai ke kira Malam Laburare, ya matso yana danne dariya.

"Ni dai na shaida. Na'ura ba ta iya harara haka."

Ta so ta ƙara ɗaure fuska, murmushi ya ci amanarta.

Ya yi mata bayani cewa kamfanin mujallun ne ya fara zargin ƙofar laburaren, ɗalibai duka abin ya shafa, kuma ya riga ya rubuta musu. Kafin amsa ta zo, sai ya shiga roƙo mata maƙaloli daga wasu laburarori.

"'Yar Gilashi, na samo miki guda biyu. Ki zo da kanki ki karɓa," ya tura mata.

"Malam, imel ɗinka ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Idona ne ke da buƙata."

Haka abin ya yi ta girma har ya kai kunnen Abbanta, tsohon mai kantin magani. Ya taɓe baki.

"Duk karatun nan, ki ƙare da mai kaɗe ƙurar littattafai?"

Sai ga amsar kamfani. Wani ne ke kwasar mujallu da manhaja ba ƙaƙƙautawa, kuma da asusun laburare na 'Yar Gilashi ake shiga. Shugabar laburare ta ce a rufe shi. Malam Laburare da hannunsa ya rufe.

Ta zo ta tsaya gaban teburinsa, idanu jajir.

"Kai ma ka ɗauke ni ɓarauniya?"

"Wallahi a'a. Amma ba zan ɓoye abin da na gani ba."

Ta juya ta fice. Lokacin miƙa bincikenta ya matso, ga ƙofa a rufe. Abba ya ce, "Kin gani? Tun ba a je ko'ina ba."

Malam Laburare kuwa bai zauna ba. Ya bi sawun shigar da aka yi da asusunta, ya ga har lokacin da take zaune gabansa suna hira ana ta kwasa. Ya tura mata:

"Tauraruwata, ki yi fushi da ni, na yarda. Amma ki tuna, wa ya taɓa riƙe kwamfutarki?"

Sai ta tuna. Injiniya! Ɗan ajinsu da ya daɗe yana bibiyarta, wanda ya gyara mata kwamfuta. Ta same shi a bakin ɗakin gwaji.

"Don ke na yi," ya ce yana sosa ƙeya. "Na so in tara miki mujallun duniya, ki ga na fi shi amfani."

"Ka toshe wa ɗalibai duka hanya don ka burge ni? Wuce mu je, da bakinka za ka faɗa."

Ta tasa shi gaba har ofishin shugaba.

Ranar da kamfani ya ɗage takunkumin, aka buɗe mata asusunta, ita ta fara dannawa. Shafi ya buɗe tar, babu keke, babu gada. Ɗakin ya kaure da tafi, har shugaba ta leƙo ta ce a yi shiru, tana dariya.

Ta kare bincikenta, malamai suka miƙe tsaye suna yaba mata. A bakin ƙofa Abba ya tare Malam Laburare, ya kalle shi sama da ƙasa.

"Kai ne ka rufe wa 'yata asusu?"

"Ni ne, Abba."

"Kana sonta, ka rufe?"

"Ina sonta, Abba. Amana aka ba ni."

Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Na yi shekaru ina hana 'yan'uwana maganin da likita bai rubuta ba, sun sha fushi da ni. Ka turo manyanka."

Ranar aure gida ya cika maƙil da 'yan'uwa da ɗalibai. Goggonta ta riƙe hannayensu biyu tana share hawaye.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya kawo zuri'a ɗayyiba."

Kowa ya amsa da amin. Ango ya sunkuyo ya raɗa mata, "Yau kin gaji, Tauraruwata."

"Na gaji," ta ce, tana ƙara damƙe hannunsa. "Kai ni gida."