Ina Zuwa

A ƙauyen su Moyna da ke bakin teku ba a cewa “na tafi”. Ko kasuwa mutum zai je, “ina zuwa” yake cewa. Amma ranar da suka yi faɗa, mijinta Jobbar ya saɓa tarunsa ya ce, “To, na tafi.” Yau kwana arba'in kwale-kwalensu bai dawo ba. Ba ta yi kuka ba, kifinta kawai take shanyawa.

Daren nan ruwan teku ya janye, ta fita kwashe shanya. Sai ga mutum tsaye cikin laka, ƙaguwa na hawa ƙafafunsa kamar turke.

“Uwar Shefali, har yanzu fushi kike?”

Muryar Jobbar ce, mai kiranta da sunan 'yarsu, sai dai kamar daga cikin tulu.

“Ka ci abinci?” Abin da ya zo bakinta ke nan.

“Magana na zo gyarawa.” Ya juya ya nufi teku. “Ina zuwa.”

Lakar da ke haɗiye mutum har gwiwa ba ta nuna sawunsa ko ɗaya ba. Moyna ta koma gida, ta sa sakata a ƙofar da ta bari buɗe kwana arba'in.