Ranar da Maigida Ya Ƙi Ɗura

Ku gyara zama in ba ku labarin wani ƙaramin gida a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, gidan Muhsin mai shagon gyaran waya da matarsa Sumayya. Auren so suka yi, Allah ya ba su ɗa namiji, aka mayar masa da sunan mahaifin Muhsin, marigayi Malam Haruna. Don haka babu mai kama sunan. Maigida ake ce masa.

Wata Asabar da hantsi, yaron yana da wata bakwai, Sumayya ta shimfiɗa leda a falo, ta zaunar da shi daram, ta ajiye faranti a gabansa. Dafaffen dankalin Hausa ne an yanka dogo-dogo kamar yatsa, da ayaba, da gwanda mai laushi. Babu cokali. Maigida ya damƙi dankali, ya shafa a kumatu, ya shafa a kunne, can dai ya gano hanyar baki.

"Sumy, rabin abincin nan fa a gashinsa yake!" in ji Muhsin, yana ɗaukar bidiyo.

"Ɗaya rabin fa? Ƙyale shi, Yallaɓai, koyo yake. Sista Clementina ta ce in yaro ya kai wata shida, yana zama da kansa, yana kai hannu, a ba shi mai laushi ya ci da kansa. Ba gishiri, ba zuma, a zauna a gabansa, kuma ba a fasa ba shi nono."

Clementina nas ce, maƙwabciyarsu, haka ta raini nata biyun.

Sai ga sallama. Hajiya Asabe ce, mahaifiyar Muhsin, ta sauko daga adaidaita. Shigowarta ke da wuya Maigida ya kai ayaba can ciki, ya yi kakari, idonsa ya kawo ruwa, ya tofo ta.

"Innalillahi! Za ku kashe min miji!" Hajiya ta sure yaron. "Wane irin rashin imani ne wannan? Ɗan da ko haƙori bai gama fitarwa ba a zube masa abinci kamar kaza?"

"Hajiya, ai haka..."

"Rufe min baki, Muhsin! Ku bakwai na raina, kowannenku da ɗurar kunu ya yi ƙwari. Gobe ka kai min shi gidana a Daurawa. Ita kuma ta je gidansu ta koyo raino, in ta iya ta dawo."

Sumayya na durƙushe, kanta a ƙasa. Ɗan fari ne, kuma a gaban suruka; tarbiyyar da ta samu ba ta yarda ta buɗe baki a kansa ba. Sai da Hajiya ta tafi hawayen suka zubo.

"Ba inda za ki," in ji Muhsin. "Wallahi zan je in gaya mata..."

"Ka gaya mata me? Uwarka ce, kuma tsoro ne ya sa ta faɗa. Ni ma ranar farko da ya yi kakarin nan sai da na tsorata." Ta share fuska. "Ta ce in koyo raino. To, ka roƙe ta in koya a wajenta. Yaron yana shan nono, ba za ta raba mu ba. Abu ɗaya nake tsoro: in aka toshe masa hanci aka ɗura, kunu yana iya bi masa ta hanyar numfashi. Wannan kam ka tsaya min."

Ya riƙe hannunta. "Na tsaya miki."

Washegari suka isa Daurawa da jakar kaya. Hajiya ta dubi jakar, ta taɓe baki, amma ba ta kore ta ba. Sumayya ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka, ta dama kunun gyaɗa da hannunta kamar yadda aka umarce ta.

Da azahar ta kusa, Hajiya ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta kwantar da Maigida a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta fara tsiyaya kunu. Yaron da ya saba ci a zaune ya datse baki, ya banƙare, ya tsala ihu. Kunu ya bi wuya.

"Ka ga abin da ta mayar da shi? Bari ka gani." Ta kai yatsu biyu za ta matse hancinsa.

Muhsin ya zube a gabanta ya riƙe hannun.

"Hajiya, don girman Allah — ban da hanci."

Hajiya ta ɗago ta dubi Muhsin. Tunda aka haife shi bai taɓa tare hannunta ba.

"Ni ka riƙe? A kan mace?"

"A kan jikanki, Hajiya. Ki doke ni in kin so, ba zan ɗaga kai ba. Amma ita ba ta yi laifin da za ta bar ɗakinta ba."

Hajiya ta zaunar da yaron a tabarma, ta juya musu baya. "Ga ɗanku nan. Ku kashe shi da yunwa." Ta jawo kwanon abincinta. Dafaffiyar kabewa ce zalla, don likita ya hana ta gishiri saboda hawan jini.

Maigida ya daina kuka. Ya bi hannunta da ido daga kwano zuwa baki. Ya karkata, ya miƙa hannu, caraf ya damƙi yanki guda.

"Kai, ɓarawo!"

Ya kai baki, ya mamula, ya haɗiye. Ya sake damƙa. Wannan karon ya cika baki, ya yi kakari. Hajiya ta zabura, sai ta ji muryar Sumayya ƙasa-ƙasa, karo na farko:

"Hajiya, ki ɗan jira shi. Tunda yana tari da ƙara, fito da ita yake."

Hajiya ta janye hannu, ta jira. Yaron ya tofo lomar, ya dube ta, ya yi dariya, ya koma kwano. Tana kallo ya ci yanki biyu, ya shafa mata na uku a zani.

"Oh ni Asabe! Haka mai sunanka yake, ba ya cin abin da aka tura masa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe ni da kai duk an hana mu gishiri. Ke Sumayya, akwai saura a tukunya?"

"Akwai, Hajiya."

"Yanko masa. Yaya kike yankawar?"

"Dogo-dogo, yadda zai riƙe."

"To, yi in gani. Kai kuma tashi ka mayar da jakar nan gidanku kafin mutane su ce na kashe maka aure."

Haka aka yi, 'yan'uwa. Sumayya ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma saki abin da ta san zai kare ɗanta ba. Muhsin bai wulaƙanta uwarsa ba, bai kuma bar matarsa ita kaɗai ba. Wanda ya haɗa haƙuri da ladabi da tsayawa a kan gaskiya, ba ya rasa iyaye, ba ya rasa gida. Da la'asar Sumayya ta koma ɗakinta, Maigida na barci a bayanta, kabewa har cikin kunnensa.