Wadda Ba Ta Faɗuwa

Hannun Shugaba ya yi nauyi a goshin Auta, yana warin man zaitun da gumi.

Ta runtse ido. Dama da hagu mata na zubewa, ganga na tashi, bakuna na ta magana da harsuna. Ita kuwa tana tsaye ƙyam, kamar kowace Laraba.

Shugaba ya ƙara danna goshin, sannan ya janye hannu ya goge a rigarsa.

"Akwai abin da ke riƙe da yarinyar nan," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma duk zauren ya ji.

A ƙungiyar Sabuntawa ta cocinsu, wanda aka ɗora wa hannu Ruhu Mai Tsarki kan kwantar da shi. Shi ya sa ake jera maza a baya, su tare masu faɗuwa. Cikinsu har da Kafinta, saurayin da ya yi mata alkawarin aure.

Da aka tashi ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Masoyiya, Mama ta ce..."

"Na ji. Ba za ta haɗa jini da wadda Ruhu ya ƙi ba."

"To ki faɗi mana, sau ɗaya tak."

"In yi wa Allah ƙarya?"

"Wa ya ce ƙarya? Ki saki jikinki kawai. Ina bayanki."

"Kana bayan Zabiya dai. Duk mako sai ta zube, kuma ban taɓa ganin Ruhu ya jefa ta hannun tsoho ba."

Ya yi 'yar dariya, ta mutu masa a baki. Can gefe Zabiya, mai ba da waƙa, tana naɗe wayar makirufo a hankali, idonta a kansu.

A gida Auta ta tarar da mahaifinta, tsohon Katikis mai koyar da addini a coci, yana kankare kakin kyandir daga mazauninsa da wuƙa. Ya saurare ta bai ɗago ba.

"Tun kafin a haifi Shugaban nan nake durƙuso gaban bagade, Allah bai taɓa taɗiye ni ba. Fada ma, limamin cocinmu, ya ce ba dole ba ne."

"Baba, ai ba Fada zan aura ba."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa.

"Siminti ne a zauren nan, 'yata."

Laraba ta zagayo da hadari a sama. Auta ta shiga layi. Mahaifiyar Kafinta na kujerar gaba, ta harɗe hannu a ƙirji. Yau Zabiya ta miƙa wa wata makirufo, ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita.

"'Yar'uwa, Allah ya sa yau ki dace," ta raɗa mata.

Auta ta waiga. Kafinta na tsaye a tsakaninsu, ya gyaɗa mata kai. Daga nan ba ta sake waigawa ba.

Hannu ya sauka a goshinta. Ta ce a ranta, Ubangiji ka yafe mini, ta saki gwiwoyinta.

A daidai lokacin Zabiya ta yi wata 'yar ƙara ta sulale.

Hannun Kafinta ya tafi inda ya saba zuwa.

Ganga ba ta iya rufe ƙarar kan Auta a siminti ba. Duk da haka ba wanda ya taɓa ta, domin a dokarsu ba a tayar da wanda Ruhu ya kwantar. Suka rufa mata zane a ƙafafu, suka ci gaba da waƙa, har jini ya kai bakin takalmin Shugaba.

Ta farka a asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi ke nan, ba zai ƙara ji ba.

Mahaifiyar Kafinta ta riƙo hannunta tana hawaye.

"'Yata, na yarda yanzu. Mai ƙarya ba ta faɗuwa haka. A sa rana!"

Katikis na jingine da bango.

Kafinta ya durƙusa a gefen gado, idonsa ja wur.

"Rabin raina, ban san lokacin da hannuna... Sabo ne kawai."

"Na sani," in ji ta. "Shi ne ma abin."

"Ki ba ni dama in yi miki bayani."

"Yi mana."

Ya fara magana. Auta ta danna kunnen dama a matashi, ta bar masa na hagu.