Girkin Kwana Ashirin da Huɗu

Da la'asar wani kafinta ya dawo daga shagonsa, garin katako duk a gashinsa, ya tarar da matarsa a kicin tsakanin manyan tukwane uku. Kwana biyu ke nan suna 'yar tsama, tun da ya yi mata faɗa kan yawan fitar da take yi ba ta faɗin inda za ta.

Ta baza shinkafa a faffaɗan tire tana shan iska, dafaffen wake yana tsanewa a kwando. Kan tebur kuwa robobi ne a jere, kowace da murfinta.

Cikin zolaya ya tambaye ta ko gayyar unguwa ta yi bai sani ba. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Baban biyu, zo ka tsaya nan. So nake ka gani da idonka."

Ta shiga yi masa bayani a hankali, kamar mai ba da amana. Kada a rufe abinci da zafinsa, gumi zai ɓata shi. Da ya huce sai firiza, kada ya daɗe a waje. Kullum ya ciro roba ɗaya, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya ɗumama har tururi ya tashi. Wanda aka ɗumama sau ɗaya ba ya komawa ciki. Ƙananan masu jan murfi da ke gefe na ƙaramar 'yan biyunsu ne, ita ba ta son wake da yawa.

Ya ƙirga manyan robobin da ido. Ashirin da huɗu. Shekara tara suna tare, ba ta taɓa barinsa da yaran ko na kwana biyu ba.

"Gidanku za ki tafi? Saboda maganar shekaranjiya?"

Ta girgiza kai, ta ci gaba da zubawa. Sai a lokacin ya lura wuyanta duk ya rame. Ya riƙe hannunta.

"Rabin raina... me kike ɓoye mini?"

Idonta na kan tukunya ta faɗa masa. Ƙari aka gano a cikinta. Duk fitar nan asibiti take zuwa, kuma jibi za a yi mata aiki.

Ya zauna a kan buhun shinkafa. Da ya tambayi dalilin shirunta, ta ce ta ga yadda ya koma bara, lokacin da aka shiga da mahaifiyarsa ɗakin tiyata ba ta fito da rai ba. Wata uku ya yi bai ɗaga zarto ba.

"Ban so ka fara yi mini kuka ina tsaye," in ji ta.

Ya tashi ya wanke hannu, ya ɗauki murfi. Tare suka rufe sauran.

Ranar aikin, awa biyar ya yi a kan bencin asibiti. Likita ta fito ta ce an cire ƙarin, amma matarsa ta zubar da jini sosai, sai dai addu'a. Haka ya koma gida ya ɗumama wa yaran abinci, suna ci suna tambayar yaushe Umma za ta dawo.

A rana ta uku matarsa ta buɗe ido. Murnarsa ba ta gama sauka ba likita ta ja shi gefe. Ciwon bai ƙare ba, akwai magani na wata shida mai kayar da mutum, kuma ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Ya koma bakin gadon ya zauna. Ya zaro fensirinsa na awo daga bayan kunne, ya juya bayan takardar magani, ya ɗora a gwiwa.

"Maman biyu, robobin nan ba za su kai mu ba. Faɗa mini tun daga farko. Ruwa kofi nawa?"

Ta zuba masa ido, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Da ƙyar muryarta ta fito.

"Kai da gaggawa... Ka fara tsince waken tukuna."

Ya sunkuyar da kai ya rubuta.