Baiti Na Uku

A wurin koyon waƙa na majami'arsu da ke Yelwa Roda ta fara ganin Andrawus, ran da ya kawo sabuwar waƙar addu'a rubuce a bayan takardar jarrabawa. Ta karanta, ta ce masa baiti na biyu ya yi tsawo, sai dai in mawaƙa za su ari huhun saniya. Maimakon ya yi fushi, sai ya miƙa mata biro. Daga gyaran baiti aka zarce hira, kafin wata uku ba ya kiranta da komai sai Muryata.

Matsalar tana gida, a Fadaman Mada. Mahaifinta, Malam Filibus, a da shi ma marubucin waƙoƙi ne, har ƙauyukan Bogoro ana rera nasa. Yana can taron mawaƙa a Jos matarsa Liatu ta rasu, Roda tana 'yar shekara goma sha biyu. Tun daga nan ya ajiye alƙalami, ya hana a rera waƙarsa a gidan.

Da manyan Andrawus suka zo neman aure, ko sakin fuska ba su samu ba. Malam Filibus ya ce ya san halin marubuta waƙa, su rera wa duniya, matansu su mutu cikin kaɗaici. Ga ɗan abokinsa ma'aikacin banki, shi ya fi dacewa.

Washegari saƙo ya shigo wayar Roda: "Muryata, ki gaya wa Baba na bar rubutu. Kin fi mini kowace waƙa."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Nan take ta mayar masa: "In ka ajiye biro, to ka ajiye ni. Ba rabin mutum na ce ina so ba."

Ta ɗebo wanki ta zauna a tsakar gida, ta ɗaga murya da waƙar da aka hana: "In ƙafata ta gaji, Ubangiji, ka jira ni." Malam Filibus ya fito a fusace yana tambayar wa ya ba ta izini. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, amma ba ta yi shiru ba sai da ta kai baiti na uku.

"Baba, shekara goma sha huɗu ba ka taɓa tambayata yadda Mama ta tafi ba," ta ce, hawaye na zuba. "Ni ce a gefenta. Waƙar nan taka take rerawa, a nan baitin numfashinta ya tsaya. Ba ta mutu cikin kaɗaici ba."

Tsohon ya koma ɗaki. Kwana uku ko gaisuwarta bai amsa ba, ita kuma ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Rana ta huɗu ya ce a kira masa yaron, ya zo da littafinsa. Da Andrawus ya kawo littafin, tsohon ya duba ya duba, ya ce baiti na biyu ya yi tsawo. Roda da ke laɓe a bakin ƙofa ta toshe baki don kada dariya ta ƙwace mata.

A Disamba aka ɗaura auren. Bayan fasto ya sa albarka, Malam Filibus ya miƙe ba tare da an kira shi ba, ya ɗauko waƙarsa. A baiti na uku muryarsa ta karye. Roda ta karɓa, Andrawus ya bi ta, 'yan zumuntar mata suka shigo da kiɗan tulu har aka kai ƙarshe.

Tsohon ya dafa kawunan ango da amarya ya ce, "Ubangiji ya albarkace ku. Ɗana, ka yi ta rubutu. Amma in ta kira, ka bar taro ka dawo gida."